Ɗakina Ne, Na Kore Ka: Tambayar da Fatawar Wasa Ta Tsallake

A Gabi, kudu da Maraɗi, inda gonakin gero ke ƙarewa dajin Baban Rafi ya soma, ba sai da kwamfuta ake kafa duniya ba. Salula ɗaya ta isa. Bayan isha'i, a fada, shayi yana kan gawayi, sai wani saurayi ya kunna wifi ɗin wayarsa, mutum biyar ko shida su laƙa nasu a kai, a buɗe tsohon wasan Mini Militia da aka tura wa juna ta Xender. Ba a taɓa forfe, ba a jiran rezo. Wayar mai masauki ita ce fagen daga. Ita ke lissafin wanda ya harbi wani, ita ke sanar da sauran wayoyin. Shi ke zaɓen fili, shi ke cewa minti nawa za a yi. In batirinsa ya mutu, ko ya fusata don an kashe shi sau uku a jere ya danna fita, wasa ya watse wa kowa nan take.

"Haba kai kuwa! Ni ke kan gaba fa!"

"To wayar wa ce?"

Wannan waya ita ce mafi ƙanƙantar abin da ake kira saba, wato na'urar da ke riƙe da wasa yayin da wasu ke shigowa daga nasu na'urorin. Mataki na gaba shi ne Free Fire, wasan kamfanin Garena na Singafo da ya fito a 2017, inda mai katin ɗaki kan buɗe ɗaki na musamman, ya sa masa lambar sirri, ya aika wa abokai ta WhatsApp, ya fitar da wanda bai yi masa ba kafin a fara. Amma irin wannan ɗaki na minti goma ne, in an tashi an tashi. Inda magana ke yin nauyi shi ne wasannin da duniyarsu ba ta gogewa, kuma babbansu Minecraft ne, wanda Microsoft ta saya a 2014 kan dala biliyan 2.5, wanda kuma zuwa 2023 aka sayar da kwafinsa fiye da miliyan 300. A cikinsa mutum kan sari itace, ya haƙa dutse, ya yi noma, ya gina gida tubali bisa tubali, gobe ya dawo ya tarar da gidan nan inda ya bar shi.

Kafa sabarsa ba wani tsafi ba ne. Kamfanin Mojang, mai yin Minecraft, yana ba da manhajar kyauta. A sauke ta, a sauya kalma ɗaya a wani ɗan fayil don nuna an yarda da sharuɗɗan kamfani, a buɗe ƙofa mai lamba 25565, a rubuta jerin sunayen waɗanda aka amince su shiga, shi ke nan. Wahalar a Gabi daban take. Kamfanonin salula irin su Airtel da Moov da Zamani kan tara ɗimbin masu waya a bayan adireshin intanet guda, don haka wanda ke nesa ba ya iya ƙwanƙwasa ƙofar wayar wani kai tsaye. Ga kuma kuran. Jihar Maraɗi ba ta manta watan Agustan 2023 ba, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, ba a kuma maido ta ba sai da CEDEAO ta ɗage takunkumi a Fabrairun 2024. Saboda haka mai son duniyarsa ta kwana a kunne kan yi hayar na'ura a Faransa ko Jamus, ko ya laɓe a gidajen da ke ba da masauki kyauta irin su Aternos, waɗanda kan kashe sabar da zarar kowa ya fita.

Mai karatu zai iya cewa wannan wahalar banza ce. Sai dai a tuna su wa ke shiga. Samarin wannan yanki da yawansu ƴan ci-rani ne: wani yana Kano, wani Agadas, wani ya tsallaka Libiya ko Aljeriya. Waɗanda suka rage a gida kuma, ƴan bindigar da ke tsallako iyaka suna satar shanu da mutane sun rage musu yawon dare tsakanin ƙauyuka. Wurin da abokai takwas da suka tashi tare za su haɗu kowane dare, su yi ta ba'a suna gina wani abu, ba ƙaramin wuri ba ne a wajensu.

Idan aka kai wa malami maganar wasa, tambayar da ake yi kusan ɗaya ce: halal ne ko haram? Tsohuwar tambaya ce, kuma tana da amsoshi a littattafan da ake karantawa a zaure. Risala ta Ibn Abi Zaid, malamin Ƙairawan da ya rasu a 996, ta hana wasan nardu da shaɗaranji, ta ƙi a zauna ana kallon masu yinsu, amma ta bar tseren dawaki da na raƙuma da gasar harbin kibiya. Malaman Shafi'iyya sun sassauta a kan shaɗaranji in babu caca kuma bai hana salla ba. A zamaninmu majalisar dokokin Iraƙi ta kaɗa ƙuri'ar hana wasan PUBG a Afrilun 2019, majalisar malaman lardin Aceh na Indonesiya ta ba da fatawar haramta shi a Yunin wannan shekara. Duka waɗannan suna duban ɗan wasa ne: lokacinsa, sallarsa, kuɗinsa, zuciyarsa. Tambaya ce mai kyau, kuma uban da ya ga ɗansa ya bar noma ya rungumi salula yana da dalilin yin ta. Amma ta tsallake mutum ɗaya. Ko da an ce wasan halal ne tsaf, akwai wanda ke riƙe da makulli, kuma ba a cika tambayar abin da ke wuyansa ba.

Ikon admin, wato mai riƙe da makullin nan, a sabarsa ya wuce na kowane sarki a ƙasarsa. Da layi ɗaya na rubutu zai mayar da dare rana, ya tsayar da ruwan sama, ya ba kansa lu'ulu'un da wasu suka yi mako suna haƙa, ya ɗauke mutum daga wannan kusurwa ya jefa shi waccan, ya share gari sukutum, ya kori wanda ya ga dama har abada. Babu ɗaukaka ƙara. Kuma hujjarsa tana da ƙarfi, bai kamata a raina ta ba. Shi ya biya haya, shi ya kwana yana gyara sa'ad da abin ya lalace, shi ake kira da tsakar dare a ce saba ta faɗi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Shari'a kuma ta ba mai dukiya damar sarrafa dukiyarsa, ba wanda ya tilasta wa kowa shiga. In mutum bai ji daɗi ba, ƙofa a buɗe take.

Ana iya ganin inda wannan hujja ke kaiwa ta hanyoyi biyu da suka yi hannun riga. A ƙarshen 2010 aka buɗe wata sabar Minecraft mai suna 2b2t, wadda mai ita ya zaɓi kusan kada ya hana komai. Sata, zagi, yaudara, rushe ginin wani, duka an bari. Sakamakon yana nan ana gani: wurin da baƙo ke fara sauka ya zama kufai, ramuka da duwatsun narkakkiyar wuta, babu itace babu abinci sai an yi doguwar tafiya, ga tsofaffin ƴan wasa suna farautar sababbi don nishaɗi. Abin dariyar shi ne mutane kan yi layi don su shiga, har akwai kuɗin da ake biya a tsallake layin. A 2013 kuwa wani mutumin Kanada, Stuart Duncan, uba ga yaro mai galahanga, ya ga yadda ake cin zalin irin waɗannan yara a sabobin jama'a, sai ya buɗe Autcraft. Ba a shiga sai an nemi izini an duba, ana sa ido a kan hira, ana tsawata wa mai tsokana. Abin ya girma har ya bar aikinsa ya koma kula da ita. Manhaja ɗaya, makulli iri ɗaya. Wanda ya ce "tawa ce" ya faɗi gaskiya a duka biyun, amma maganar ba ta bambance mana komai tsakaninsu ba.

A nan fiƙihun da aka gada a ƙasar Hausa yake da abin faɗi, kuma ba a babin wasa yake ba, a babin aro ne. Mafi yawan mazhabobi suna ganin mai ba da aro zai iya karɓar kayansa duk sa'ad da ya so. Malikiyya sun saɓa. Muhtasar na Halil, malamin Masar na ƙarni na 14 wanda alƙalanmu suka daɗe suna hukunci da littafinsa, ya tabbatar da cewa aron da aka ɗaure da lokaci ko da wani aiki ya zama dole a kan mai bayarwa har lokacin ya cika ko aikin ya ƙare, in kuma ba a ambaci lokaci ba, sai a koma ga abin da al'ada ta saba. Har ya kawo mas'alar wanda ya ari fili ya yi gini: mai fili ba zai tashe shi haka kawai kafin lokacin da aka saba ba, sai ya biya shi abin da ya kashe. Manomin Gabi ya san wannan ba tare da ya buɗe littafi ba. Wanda ya ba da aron gona, aka yi sassabe aka kai taki aka yi shuka, ba ya zuwa tsakiyar damina ya ce a tashi don gonarsa ce. Gonarsa ce, ba wanda ya musa. Amma da bakinsa ya ce a shiga.

Haka malaman mazhabar suka yi da alkawari. Ra'ayin da ya shahara a wajensu shi ne alkawarin alheri kan zama wajibi idan wanda aka yi wa ya shiga wata hidima saboda shi, kamar a ce wa mutum ya rushe ɗakinsa za a ranta masa kuɗin sabon gini, shi kuwa ya rushe. Mai saba da ya aika wa abokansa adireshi ya ce "ku zo mu gina gari" ya yi irin wannan magana. Sun sayi forfe da kuɗin da suka samu a dako ko a kabu-kabu, sun biya mai cajin waya, sun ba da darare. Ranar da ya share garin don sun yi cacar baki da ɗayansu a kan wata budurwa ko wani bashi, wani abu nasu ya salwanta, ko da na'urar tasa ce.

Akwai martani mai nauyi, kuma daga malamai zai fito. Gidan da ke cikin Minecraft ba dukiya ba ce da Shari'a ta sani. Ba a gadonsa, ba a fitar masa da zakka, alƙali ba zai saurari ƙarar wanda aka rushe wa shi ba, watakila ma ya kore su duka ya ce su je su nemi sana'a. Ƙiyasta shi da gona, in ji mai wannan ra'ayi, wasa ne da fiƙihu. Gaskiya ne ba za a yanke diyya ba, kuma mai wannan rubutu ba ya neman a yanke. Sai dai zalunci a Musulunci bai tsaya ga abin da kotu ke aunawa ba. Wulaƙanta mutum a gaban abokansa, saɓa alkawari, fifita ɗan'uwa a hukunci, duka ba su da farashi a kasuwa, duka kuma ana tambayarsu. Tubalin na ƙarya ne. Yaron da aka kora, wanda ya wayi gari ya ga sauran bakwai suna hira a kan abin da ya faru jiya da dare ba da shi ba, na gaske ne. Hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito, mai kamanta duk wanda aka ba riƙon wani abu da makiyayin da za a tambaya game da kiwonsa, bai sa iyaka ga ƙanƙantar garken ba: ya sauko daga shugaba har zuwa bara mai tsaron kayan maigidansa.

Wani zai ce to mafita ita ce admin ya ajiye makullin, jama'a su mulki kansu. An gwada, tun kafin a haifi yawancin masu wasan yau. A 1990 Pavel Curtis na cibiyar bincike ta Xerox a Kalifoniya ya buɗe LambdaMOO, duniyar da rubutu ce zalla, babu hoto ko ɗaya. Da rigingimu suka ishe shi, a ƙarshen 1992 ya sanar cewa shi da sauran masu makulli sun janye daga sasanta mutane, aikinsu gyaran na'ura kawai. Ba a yi nisa ba, a 1993, wani ya yi amfani da wata dabara ya ci zarafin wasu mata a bainar jama'a. Aka taru aka yi ta muhawara ba a cim ma matsaya ba, daga ƙarshe mutum ɗaya cikin masu makullin ya share shi a kan gaban kansa. Aka kawo tsarin koke da ƙuri'a. A 1996 masu makullin suka fito suka ce sun maido wa kansu ikon yanke hukunci, domin sun gane babu wani gyaran na'ura da ba ya taɓa mutane. Wanda na'ura ke hannunsa yana mulki ko ya so ko bai so ba, kuma janyewarsa ma hukunci ce, wadda galibi mai ƙarfi ke cin ribarta.

Wasu masu bincike biyu, Seth Frey da Robert Sumner, sun bi diddigin sabobin Minecraft fiye da dubu biyar, suka wallafa sakamakon a 2019. Mafi yawansu ba su taɓa tara jama'ar kirki ba. Waɗanda suka girma kuwa, an fi samun su da dokoki iri-iri da kuma iko a hannun admin. Mutanen Gabi ba za su yi mamaki ba. Tun dokar 1992 da ta kafa kasuwannin itace na karkara a Nijar, ƙauyukan da ke kewaye da Baban Rafi suke fama da wannan darasi: kwamitin gari, adadin da aka yarda a sara a shekara, harajin da ake rabawa tsakanin gari da hukuma, da kuma abin da ke biyo baya idan mai riƙe da littafin ya soma yi wa danginsa sassauci.

Saura abubuwa biyu da ke wuyan mai makulli, a taƙaice. Yana ganin abin da ba a nuna masa ba: saba tana rubuta hirar da aka yi da adireshin da kowa ya shigo da shi, kuma zai iya ɓacewa ya bi mutum yana kallo ba a sani ba. Hanin da Suratul Hujurat ta yi a kan leƙen asiri bai keɓe wanda fasaha ta sauƙaƙa wa leƙen ba. Sai kuɗi. A tara gudummawa don biyan haya babu laifi, in an faɗi inda ta tafi. Amma ɗakin Free Fire da kowa zai zuba ɗari ko ɗari biyu wanda ya ci ya kwashe, caca ce tsirara, kuma wanda ya buɗe ɗakin ya yanki kasonsa shi ne mai gidan cacar.

Abin da ya fi kamata ya sanyaya wa mai saba jiki shi ne cewa shi ma ɗan aro ne. A 2022 Mojang ta shigo da tsarin kai ƙarar hira wanda zai iya sa a hana mutum shiga kowace saba, har wadda wani ya kafa da kuɗinsa don abokansa. Masu sabobi suka yi ca, kamfani bai janye ba. Labarin wata saba mai suna Nostalrius ya fi wannan zafi. Wasu masu sa kai ne suka kafa ta a 2015 a kan na'urorin haya a Faransa, don su raya wasan World of Warcraft yadda yake a farkon fitowarsa, kafin kamfanin Blizzard ya sauya shi. Mutanen Maraɗi, waɗanda kakanninsu suka baro Katsina a farkon ƙarni na 19 suka sake kafa sarautarta a wani wuri da sunanta da muƙamanta, ba sa bukatar dogon bayani kan irin wannan kewa. Kimanin mutum 800,000 suka yi rajista, 150,000 suna wasa a kai a kai. Sai lauyoyin Blizzard suka aiko takarda, kuma hujjarsu ita ce ta saurayin nan mai waya: namu ne. A doka sun yi gaskiya. Ranar 10 ga Afrilun 2016 aka kashe sabar, dubban mutane suna tsaye a ciki suna ban kwana.

Abin lura shi ne yadda masu Nostalrius suka yi da baƙinsu. Sun sanar da ranar rufewa tun da sauran kwanaki, suka adana bayanan ƴan wasa, daga baya a wannan shekara suka miƙa su ga wata ƙungiya mai suna Elysium don mutane su sami abin da suka tara. A Minecraft wannan ya fi sauƙi nesa ba kusa ba: duniyar gaba ɗaya jakar fayil ce guda, ana kwafe ta a katin memori, kuma mai sabar da ya gaji ko kuɗin haya ya gagare shi zai iya tura wa kowane ɗaya daga abokansa kwafi kafin ya kashe. Blizzard kuwa, bayan koke mai sa hannun mutum fiye da 200,000, ta gayyaci masu Nostalrius ofishinta, sannan a Agustan 2019 ta buɗe nata tsohon wasan da sunan World of Warcraft Classic, ga mai biyan kuɗin wata. Ba ta ɗauko komai daga abin da aka tara a Nostalrius ba. Kowa daga matakin farko ya sake tashi.